Shaƙa Ɗari da Ashirin a Minti Huɗu

Cikin mutum sittin da ake gwada sabon maganin shaƙa na ciwon huhu a kansu, babu wanda Sista ta tsani ranar zuwansa kamar Tsohon Darakta. Shekararsa takwas da yin ritaya, amma har yau yana shigowa ɗakin gwaji kamar mai zuwa duba ma'aikatansa. Ba bin layi, ba gaisuwa. Sai ya ajiye gwangwanin maganin a teburinta da yatsa biyu, ya ce, "Yarinya, ina Farfesa?" Yarinyar nan kuwa har jika gare ta.

Aikin Sista kowane wata shi ne ta karɓi tsohon gwangwani, ta tabbatar an shanye, ta ba da sabo, sannan ta sa mutum ya hura bututun na'urar da ke auna ƙarfin numfashi. Rabin mutanen sabon magani ake ba su, rabi tsoho, kuma ko wanne ka samu, ƙirji kan ɗan sake. Wani tela a cikinsu ya daina tsayawa hutu a matakala. Wata mai wanki ta koma bakin aikinta. Shi kuwa Darakta gwangwaninsa kan dawo wayam, amma numfashinsa kullum ƙasa yake yi.

A wata na biyar ya rubuta ƙara shafi uku. Wai Sista ba ta iya na'urar ba, wai bai taɓa tsallake shaƙa ko ɗaya ba, a cire ta a kawo ƙwararre. Farfesa, shugaban binciken, mutum ne mai ilimi, sai dai ba ya iya musa wa babban mutum. Ya kira ta ya ce, yana kallon silin, in aka samu kuskure daga wajenta, za ta bar binciken. Shekara biyu ta yi tana neman wannan gurbi. Ranta ya ɓaci ƙwarai, ta fito.

To, ashe kaza ce ta tono wuƙar yanka ta. Dokar binciken ta ce da zarar an shigar da ƙara, sai an buɗe duk bayanan mai ƙarar. A kan kowane gwangwani kuwa akwai wata 'yar na'ura da ke rubuta rana da mintin da aka danna shi. Wannan yana nan ɓaro-ɓaro a shafi na huɗu na takardar amincewa. Darakta ya sa hannu bai karanta ba, yadda ya saba shekara talatin a ofis.

Ranar zama ya zo da uwargidansa, ya harɗe a kujera yana huci ƙasa-ƙasa. Farfesa ya yi ta juya takarda yana gyaran murya, har Sista ta gaji ta karɓe ta.

"Ranka ya daɗe, shaƙa biyu da safe, biyu da yamma aka ce. Wata guda ɗari da ashirin ke nan, ko?"

"Lissafi za ki koya mini?"

"A'a, ni wa? Ga abin da gwangwaninka ya rubuta dai. Kwana ashirin da tara ba a taɓa shi ba. Ranar zuwanka nan, ƙarfe tara saura kwata, an danna shi sau ɗari da ashirin cikin minti huɗu. Wata biyar, duk haka."



"Na'urar ce ta lalace," in ji Darakta.

Sista ta ce, "Na gwangwani biyar ɗin duka? Ai da ka shaƙi wannan a zama ɗaya, da ba kai muke gani yanzu ba."

Uwargidan, wadda tun shigowarsu take kallon jakarta, ta ce, "A wajen ajiye motoci yake fesar da shi ta taga. Cewa yake in aka gan shi da abin nan a baki, girmansa ya zube."

"Ke wa ya tambaye ki?"

Sista ta ɓare sabon gwangwani ta tura masa. "Ba komai, ranka ya daɗe. Tunda ba ka taɓa tsallakewa ba, a nuna wa Farfesa yadda ake sha."

Ya ɗauka, ya juya shi sama, ya juya shi ƙasa. A ruɗe ya kai baki ya danna da ƙarfi. Babu abin da ya fito.

"Ka cire murfin tukuna," in ji uwargidan.

Tari ya sarƙe shi, mai tsawo, har idonsa ya kawo ruwa. Farfesa ya ninke takardar ƙarar ya zura a aljihu. Sista ta zare murfin, ta sa ya fitar da iska, ta danna masa, ta ƙirga goma da ƙarfi kamar yadda take yi wa jikanta.

Da numfashin ya dawo, ya ce a hankali, "Sista..."

"Tela ya iya wannan a rana ɗaya," ta ce, ba ta ɗago ba. "Ka koma layi, akwai mutum huɗu a gabanka."