Fetur Ɗin da Ya Yi Damina a Tanki

A unguwarsu da ke Zuru, kowa ya san ba a taɓa wa Saje Dominic injin ban ruwansa. Ja ne ƙarami, mutum biyu na iya ɗaga shi, kuma da shi yake jan ruwa daga rafi zuwa lambunsa na albasa a hanyar Manga tun shekarar da ya ajiye kakin soja.

Shekara goma sha ɗaya ke nan matarsa Dinah tana kallon yadda yake yi masa hidima. Da an gama yankan dawa sai ya fito da shi gindin mangwaro, ya shimfiɗa farin buhu, ya kwance shi yana jera kayan daga hagu zuwa dama, kamar yadda aka koya masa kwance bindiga. A gida da yarensu na C'lela suke magana, amma da ya durƙusa gaban injin nan sai bakinsa ya koma Hausar bariki, har da tsawa ga kaji. Ita dai nata ta ajiye masa kunu ta koma gefe da ɗinkinta.

Bana abin ya zo daban. A makon Ista ya faɗi a bakin ƙofa, ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Ya yi wata guda a asibiti. Ƙafar ta dawo da taimakon sanda, maganar ma ta dawo duk da tana ɗan jan jiki, amma hannun ya ƙi. Ranar sallama likita ya ja Dinah gefe ya ce mata maganin da ya fi ƙwayoyin nan shi ne kada a bari ransa ya ɓaci. Ta riƙe wannan magana fiye da yadda ta riƙe ayoyin da ta haddace.

Maƙwabcinsu na lambu, Yusha'u, shi ya yafa masa irin albasa tare da nasa. Ya aiko cewa irin ya isa dashe, ranar Asabar zai zo da babur su kai inji rafi.

Tun da sassafe ranar Asabar ɗin Dominic ya sa aka fito da shi. Ya zauna a kujera, ya ɗora sandar a cinya, ya dubi matarsa na ɗan lokaci kafin ya ce yau ita ce hannunsa. Ya ƙara da cewa hannu ba ya gardama da kai. Dinah ta gyara ɗaurin zane, ta shimfiɗa buhun da kanta, zuciyarta tana bugawa kamar ranar da ta fara karanta Littafi a gaban mata a coci.

Da baƙin mai suka fara. Ya nuna mata sufana da bakin sanda, ta kwance ƙusar da ke ƙasa, ta tara tsohon gwangwani. Ya ce ta karkata injin don ya tsiyaye sarai. Tana karkatawa sai wani abu ya kaɗa a cikin tanki, da ƙara irin ta tulu cikakke.

Dominic ya miƙe zaune. Ya ce ta buɗe marfin.

Tankin cike yake har wuya. Fetur ɗin ya rine, ya koma kalar shayi mai kauri, warinsa kamar na tsohon fenti. Ya leƙa gefe ya ga makunnin mai a buɗe. Ya sa ta kwance ɗan kofin da ke ƙarƙashin kafireta, sai ga wani abu mai danƙo ya like a ciki kamar ƙaro.

Can ya fara magana a hankali, ba da ita ba, da injin. Ya ce ya tuna yammacin nan sarai, kwana ɗaya kafin ya faɗi. Ya tuna ya juye sauran man cikin jarka, ya rufe makunni, ya bar injin yana aiki har ya shanye na cikinsa ya mutu da kansa, kamar yadda yake yi kowace shekara. Har ya tuna Yusha'u yana tsaye yana yi masa ba'a wai yana kashe inji da yunwa.

"Ina ganin abin a idona, Maman Praise," in ji shi. "To in wannan bai faru ba, sauran abubuwan da nake tunawa fa?"

Dinah ta sunkuyar da kai tana goge sufana da ba ta da datti.

Ita ta cika tankin. A kwana na tara da kwanciyarsa, lokacin da ko sunanta ba ya iya kira, ta dawo gida ɗaukar kayan sawa, 'yarsu Praise tana zaune da shi. Ta shiga ɗakin ajiya neman bokiti, ta yi tuntuɓe da injin, ta ji shi fayau ba komai a ciki. Sai ta ga kamar kayan wanda ya riga ya gama da duniya ne, an wanke an kife. Ba ta zauna ba sai da ta je ta sayo fetur ta ɗura masa har ya kusa zuba, ta murɗa makunnin yadda take ganinsa in yana aiki, don ranar da mai shi ya dawo ya ja igiya kawai. Ta rufe shi da tsohon bargo ta koma asibiti da sauƙi a ranta. Ba ta san fetur yana lalacewa ba. A tunaninta abu ne kamar gishiri.

Yanzu ga shi a gabanta, ga kuma maganar likita. Mutumin da ke yi wa kaza tsawa don ta taka buhu, yaya zai yi in ya ji matarsa ce ta ɓata masa inji? Ta ce a ranta bari ta yi shiru, a gyara, a wuce wurin.

Ana cikin haka Yusha'u ya yi sallama, ya jingine babur. Ya gaisa da Dinah, ya juya ga abokinsa yana dariya.

"Saje, mi ya hwaru? Na ɗauka tun daga bakin hanya zan ji kukan dokin naka."

Dominic bai yi dariya ba. Ya nuna masa tankin, ya tambaye shi ko ya tuna yammacin nan, Yusha'u ya ce shi shekarun sun cakuɗe masa, ba zai iya rantsewa ba. Ya ce masa ya ɗauki injin ya kai wa makaniki, in ya gyaru ya riƙe. Lambun ma ya haɗa da nasa ya dasa. Ya ce hannu ɗaya ba komai ba ne, ya ga mutane a bariki da suka yi noma da abin da bai kai haka ba. Amma wanda kansa ke ba shi labarin ƙarya bai kamata ya tsaya kusa da fetur da ruwa mai zurfi ba. Yusha'u ya yi ta lallashi, ya ce mantuwa ai ta kowa ce, shi ma jiya ya nemi hularsa tana bisa kansa. Dominic ya girgiza kai. Ya ce wannan ba mantuwa ba ce, tuna abin da bai faru ba ne.

Ya ja sandarsa zai tashi. Dinah ta dubi yadda kafaɗarsa ta sauka. Ko ranar da aka dawo da shi daga asibiti a bayan mota ba ta sauka haka ba. Nan ta gane shirun nata ba ya kare shi daga komai.

"Baban Praise, zauna," ta ce. "Kanka lafiya lau yake. Ka juye man, ka rufe makunni. Ni na zo na same shi wayam na cika shi."

Ta faɗa masa duka, da bokitin, da bargon, da abin da ya zo mata a rai. Ta faɗa da C'lela, don a Hausa ba za ta iya ba. Yusha'u, wanda yake jin yaren sama-sama, sai ya ga lallai tayar babur ɗinsa tana bukatar dubawa, ya fita waje.

Dinah ta tsaya tana jiran tsawa. Dominic ya koma kujera a hankali. Tambaya ɗaya ya yi: makunnin, a rufe ta same shi? Ta ce a rufe gam, sai da ta sa bakin zane ta murɗa. Ya rufe ido, ya saki wani dogon numfashi. Gefen bakinsa mai lafiya ya fara motsi, ta rasa ko kuka ne ko dariya, har sai da ta ji sautin.

"Ina kwance ban san sunana ba, ke kuwa kina nan kina ba inji abinci," in ji shi. Ya share ido da bayan hannun hagu. "Dinah. Shekara bakwai na yi wa babanki noman golmo kafin a ba ni ke. Yau ke za ki yi mani naki. Ɗauko sukundireba."

Aikin ya kai su har rana ta take. Ta juye lalataccen man a jarka, ta ɗauraye tankin da sabo. Ta wanke ɗan kofin har ya yi fes. Ta cire fulogi ta kankare baƙin da ke kansa, ta wanke soson da ke tace iska da sabulu ta shanya a kan igiyar wanki kusa da rigarsa. Sau biyu ta ajiye ƙusa a gefen da ba nata ba, sau biyu sandar ta matsar da ita.

Abin da ya rage shi ne wata 'yar ƙusar tagulla daga cikin kafireta, mai huda a tsakiya wadda fetur ke bi. Danƙon ya toshe ta. Dominic ya ce kullum nan ne yake shan wahala, ko lokacin da yake da hannu biyu. Ya sa ta zaro sili ɗaya daga tsohuwar wayar lantarki. Dinah ta ɗaga ƙusar sama wajen haske, ta lumshe ido ɗaya, ta zura silin a karo na farko. Shekara arba'in tana zura zare a allurar da ta fi wannan ƙanƙanta. Ta hura, ta miƙa masa. Ya leƙa ya ga hasken rana ta ciki, ya ce da ya sani da tun tuni ya ɗauke ta aiki.

Suka mayar da komai daga dama zuwa hagu. Sabon baƙin mai, soso ya bushe, fetur kwalba ɗaya tak. Ta kai hannu ga igiya sai ya dakatar da ita, ya ce a cika cikin famfon da ruwa tukuna, ba a tayar da shi da ƙishi. Yusha'u, da ya dawo ya tsuguna, ya ce to ga kan da aka ce ya lalace.

Dominic ya tashi ya dafa kafaɗarta, ya taka ƙarfen injin da ƙafarsa mai lafiya don kada ya motsa. Ta ja igiya, shiru. Ta sake ja, ya yi tari ya mutu. Ya ce kada ta fizga, ta jawo a hankali sai ta ji ya cije, sannan ta ja da ƙarfi. A ja na uku injin ya kama, hayaƙi ya tashi, kaji suka watse.

Bai bar shi ya daɗe ba ya kashe. Ya ce da Yusha'u ya ɗaure inji ya kai rafi ya dawo ya ɗauke shi. Yusha'u ya tambaya ko zuwa biyu ke nan. Dominic ya ce uku, don hannunsa ma za ta je.

Dinah ta shiga ɗaki neman takalmin gona. Da ta fito ta tarar da shi yana ƙoƙarin naɗe farin buhun da hannu ɗaya. Ta kama ɗaya gefen suka ninke tare.