Ambaliyar da Yelwa Ta Tare

Shekarar da kuɗin fetur ya cika jami'ar Wudil da kwamfutoci, marigayi Ja'afaru ya kai mahaifiyarsa Yelwa ta ga aikinsa. Kwamfuta ɗaya tana kwaikwayon kogi, ɗayar tana kwaikwayon gonar shinkafarta ta Utai. Shi ya rubuta manhajar da ke kai saƙo tsakaninsu.

"Inna, kogi ya cika. Yanzu labari zai isa gonarki, ta nutse."

Yelwa ta tuna shinkafarta ta kusa yanka. Ta sunkuya kamar mai gyara takalmi, ta zare wayar da ta haɗa su. Gonar cikin kwamfuta ta tsaya kore shar.

"Inna! Me kika taɓa?"

"Magulmacin ɗan aikenka na kora."

Ya yi dariya har da hawaye. Har yau in ta shiga gonar, dariyar nan take ji.