Bakin Fasto

"Ku saurara da kyau," in ji Fasto da Turanci, yana buga bagade da tafin hannu.

"Ku saurara da kyau," Baba Tafinta ya maimaita da Hausa, shi ma ya ɗaga hannu daidai yadda Fasto ya ɗaga.

Aikinsa ke nan tun gashinsa yana baƙi. Fasto ya faɗa, shi ya juya, ba ragi ba ƙari. Har tsokanarsa ake yi a coci, wai ko atishawa mai wa'azi ya yi sai Baba ya fassara. Wannan sabon faston kuwa matashi ne mai karatu, Hausarsa ba ta wuce "sannu" da "na ƙoshi" ba. Ɗakinsa cike yake da littattafan addinai iri-iri, kuma duk abin da ya burge shi sai ya tsakuro ya zuba a wa'azi.

"Wasu masu hikima sun koyar cewa rai ba sau ɗaya yake zuwa duniya ba," in ji Fasto.

Baba ya fassara a hankali. Benci ya yi ƙara. Nas, shugabar mawaƙa, wadda take jin harsunan biyu, ta ɗago kai.

"Saboda haka, idan aka haifi jariri makaho, kada ku ce Allah bai yi adalci ba. Alhakin wata rayuwar da ta wuce yake ɗauka."

Fasto ya tsaya, yana jira.

Baba ya dubi benci na biyu. 'Yarsa Auta tana zaune, ta rungume jaririyarta makauniya, mai idanu farare fat tun haihuwa. Yau ne fitowarta ta farko tun da ta haihu, shi ma sai da ya yi ta lallashi. Surukarta ta riga ta cika mata kunne cewa wani zunubi ne ake rama mata. Idan yanzu ta ji haka daga bagade, kuma da bakin ubanta, ya san ba za ta ƙara taka ƙofar nan ba.

Fanka tana juyawa, amma gumi ya jiƙa masa wuyan riga. Tsoro ya kama shi sosai.

"Baba?" Fasto ya ce ƙasa-ƙasa, yana murmushi.

Baba ya matso da makirufo.

"Idan aka haifi jariri makaho," in ji Baba, "ba laifinsa ba ne, ba kuma na iyayensa ba. Haka Ubangiji Yesu ya amsa da aka tambaye shi. Allah yana da aikin da zai nuna a kansa."

"Amin!" Cocin ya ɗauka gaba ɗaya. Wata tsohuwa ta miƙe tana tafi.

Fuskar Fasto ta washe. Ya ƙara zafi, ya shiga batun komowar rai da sakayyarta. Baba kuwa, tunda ya riga ya jiƙe, sai ya daina gudun ruwa. Fasto ya yi gabas, shi ya yi yamma, kowace jimla da tsawonta, kowane ɗaga hannu a wurinsa. Idon Nas bai bar kansa ba har aka rufe da addu'a.

A bakin ƙofa, Auta ta durƙusa gaban Fasto, hawaye shaɓe-shaɓe.

"Baba, gaya masa na gode. Tun da na haihu nake jin kunyar ɗiyata. Yau ya sauke mini dutse daga ƙirji."

Wannan kam Baba ya fassara shi kalma da kalma.

Fasto ya dafa kafaɗarsa. "Ka gani? Dattawa suna ta gargaɗina kada in fita daga Littafi Mai Tsarki. Ga shi mutane suna jin ƙishirwar sabon abu! Lahadi mai zuwa zan shiga ciki sosai. Ka shirya."

Ya wuce yana gaisawa da jama'a.

Baba ya tsaya riƙe da hularsa. Nas ta zo wucewa da littafin waƙoƙi a hammata. Ta ɗan rage tafiya, ba ta ko dube shi ba.

"Sannu da wa'azi, Fasto," ta ce wa Baba.