Takalman da Mardiya Ta Aro

"Ɗaga ƙafar mana, Mardiya, ko sai na roƙe ta?" na ce, ina riƙe da kwanon lalle.

Ta yi dariya, ta sa hannu biyu ta ɗago ƙafar ta ɗora min a cinya. Na danna yatsa a idon sawunta, wurin ya lotsa ya ƙi dawowa. Sati biyu ke nan takalmanta sun daina shigarta, don haka da na mijinta Fadilu ta shigo gidana, tana jan su a ƙasa kamar mai shara. Ta cire su a ƙofar ɗakina.

Katanga ɗaya ta raba mu a Gure. Shekararta tara da aure, ɓari biyu, ba goyo. Wannan cikin ya kai wata takwas, kuma ni na naɗa kaina mai gadinsa, ba wanda ya sa ni. Ni na hana ta zuwa biki da suna, ni na ɗinka mata hijabin da zai rufe har gwiwa. A wurina bakin mutane ne ya ci na farko da na biyu, na rantse ba zai ci na uku ba.

"Yaya Habsu," ta ce, "kaina kamar ana daka a ciki. Ga wasu ƙananan taurari ina gani."

"Da rana tsaka? To gaishe su."

"Allah da gaske nake. Jiya wurin awo ungozoma ta auna ni sau uku. Ta ce tansiyo ta hau sosai, wai hawan jini ne, in ɗauko kaya in koma su kwantar da ni."

"A matarnite, asibitin haihuwa? Inda duk matan garin nan ke shiga da fita? Kafin la'asar kowa ya ƙirga miki watanni. Zafi ne ya taru a jikinki. Bari lalle ya zuƙe shi, jibi in raka ki da sassafe, ba mai ganinmu."

Da bakina na faɗa. Har yau ba ranar da ba na jin muryata tana faɗin haka.

Na shafa mata lallen, na naɗe ƙafafun da leda da tsumma. Ta jingina da bango tana cin dabinon da Fadilu ya kawo daga lambunsa na kwari, tana ce min in mace ce Huda take so a sa mata. Na tashi ɗebo mata ruwa a randa, sai na ji kwano ya faɗi.

Na tarar da ita a ƙasa tana jijjiga, ta ciji harshe, idanu sun juye. Ihuna ya jawo Kaltumi, maƙwabciyarmu ta gabas. Ta ce iska ce, ta ruga ta kawo garwashi da turare. Muka yi ta hayaƙi muna addu'a. Sai da jijjigar ta dawo karo na biyu na kira Fadilu a waya. Kafin ya taso daga lambu ya samo mota, inuwa ta juya. A hannu muka fitar da ita, ƙafafunta a naɗe.

Da muka isa matarnite, ungozomar ta dubi fuskarta, ta dube mu.

"Tun jiya nake jiranta," ta ce. "Har gado na ajiye mata."

Ba ta yi mana faɗa ba. Da ta yi, da na ji sauƙi.

Aka yi mata aiki, aka ciro yarinya ƙarama, mai rai. Mardiya ba ta farka ta gan ta ba. Washegari da azahar ta cika.

Ni na yi mata wanka. Lallen ya kama, ja har ya yi duhu. Shekara ashirin ina ƙunshi, ban taɓa ganin wanda ya kama haka ba. Na riƙe ƙafar nan na yi kukan da ya sa Kaltumi ta karɓe ni.

Ranar sadakar uku na tare Fadilu a zaure na gaya masa komai.

"Kwananta ne ya ƙare, Yaya," ya ce, bai ɗago kai ba. "Ke ma alheri kika nufa."

Ya sa wa yarinyar Huda. Tana wurin mahaifiyarsa, nakan ji kukanta ta kan katanga.

Takalman suna nan ƙofar ɗakina, ɗaya ya ɗan hau kan ɗaya, yadda ta cire su. Fadilu bai zo ɗauka ba, ni ma ban kai masa ba. In zan yi shara da safe, sai in kewaye su.