Baba Tela Ya Ƙi Kallon Jikansa

Shekara goma sha biyu Baba Tela yana addu'a guda, da ƙarfi kuma, har maƙwabta sun haddace ta: "Ya Ubangiji, kada ka ɗauke ni sai na ga jikana." 'Yarsa tilo ta daɗe da aure, haihuwa shiru.

To, Allah ya amsa. Ranar da aka kawo jariri gida, tsohon yana cikin taka rawa a ƙofar ɗaki sai ya tsaya cak. Ya tuna yadda ya tsara roƙon nasa. Nan take ya zare tabarau ya jefa aljihu.

"Maigida, zo ga abokinka ya iso," in ji matarsa.

"Ina jin kukansa, ya isa. Cewa na yi kada a ɗauke ni sai na gani. To, ban gani ba tukuna."

Mako uku mutumin nan yana shiga falo da baya. Riguna bakwai ya ɗinka wa yaron, awon ma da lalube ya yi, ido a rufe. Fasto ya zo ya yi masa bayani cewa Allah ba ya kama mutum da bakinsa kamar ɗan sanda.

"Fasto, kai yaro ne," in ji shi. "Ni na san abin da na faɗa."

Mu maƙwabta dariya muke ta yi, amma ban da 'yarsa. Ita abin ya ci mata rai ƙwarai.

Ana nan sai lokacin wasan kwaikwayon coci ya zo. Shekara talatin Baba Tela ne ke fitowa a matsayin tsohon nan na Haikali, wanda aka yi wa alkawari ba zai mutu ba sai ya ga Almasihun da annabawa suka daɗe suna faɗin zuwansa. Yakan karɓi 'yar tsana mai ido ɗaya, ya ɗaga ta, ya roƙa a sallame shi lafiya. Har yau bai haddace maganar ba, a hannun riga yake manna takardar, don haka dole ya sa tabarau. Matarsa ta san da wannan sarai.

Ranar wasan, aka miƙa masa ƙunshin zane. Ya ji ɗumi, ya ji motsi. Ya runtse ido gam.

Daga bencin gaba matarsa ta ce, "Maigida, annabawa nawa suka mutu suna jira ba su gani ba? Tsohon da ya gani murna ya yi, bai gudu ba. Kai an ɗora maka a hannu kana rufe ido."

Ƙaramin hannu ya damƙe masa ɗan yatsa, daidai inda allura ta daɗe tana suka. Ya buɗe ido ɗaya, sannan na biyun. Ga kunnuwa nan fato-fato, irin nasa sak, a kan wani ɗan mitsitsin kai. Hawaye suka zubo, takardar ma bai ko kalle ta ba.

"Ya Ubangiji, na gani," ya ce. "In ka so ka sallami bawanka, ba ni da ƙorafi."

Ya gyara wa yaron zane.

"Sai dai rigarsa ta takwas tana kan keke, ban sa mata hannu ba."