Man Fata a Kan Ƙwallo

Shekara shida Idrisu ne babban mai jifa na ƙungiyar kurket, wasan jifa da bugun ƙwallo, ta majemarsu a Challawa. Injiniyoyin Indiya ne suka kawo wasan, suka koma ƙasarsu suka bar shi, Idrisu kuwa ya rungume shi kamar gadon gidansu. Sai ga Uwaisu, wani dogon saurayi daga Maraɗi, an ɗauke shi aikin wankin fata a daminar 1983. Ko amfanin sandunan nan uku da ake kafawa a bayan mai bugu bai sani ba, amma Allah ya ba shi hannu. Cikin wata biyu hirar kantin cin abinci duk ta koma kansa. Abin ya dami Idrisu. Kishi ne tsagwaronsa, ko da yake da ka tambaye shi sai ya rantse maka ba haka ba ne.

Ranar Asabar bayan la'asar suka je karawa da 'yan masaƙar Bompai. Tun a cikin motar kamfani Heluma Lawal, shugabansu a wurin aiki kuma kyaftin ɗinsu, ya yanke magana: wanda ya fi fitar da 'yan bugu yau, shi zai riƙe jifa har ƙarshen shekara.

Idrisu ya yi iya yinsa, ya fitar da mutum biyu. Uwaisu ma biyu. Rana ta yi ja, saura jifa shida kafin a tashi sallar magariba, 'yan Bompai na neman maki takwas, suna da mutum uku a hannu. Heluma ya dubi wannan, ya dubi wancan, ya miƙa wa Uwaisu ƙwallo.

"Yaya Idi, ku goge mini ita mana, ta kwashi ƙasa," in ji Uwaisu.

Wai shi ne zai goge! Idrisu ya karɓa yana yaƙe. A aljihunsa akwai ɗan gwangwani na man da suke tausasa fata da shi, wanda yake shafa wa fason ƙafarsa. Ya lakato da babban yatsa a ɓoye. Niyyarsa ya mulke ƙwallon duka, ta riƙa sulɓewa daga hannun yaron, 'yan bugu su yi ta jibgar jifansa. Gefe ɗaya ya shafe, alƙalin wasa ya waiwayo, dole ya cilla ta haka nan.

Uwaisu ya sheƙo a guje ya saki ƙwallo. Ta miƙe sak, can sai ta lanƙwasa a iska, gefen mai santsi na zillewa, ta kewaye katakon mai bugu ta tumɓuke sanda, mai bugu ya fita. Na biyu ya shigo, ya kai wa iska duka, ya fita. Na uku jifa biyu ya jure, shi ma ya fita, wasa ya ƙare. Filin ya kaure da ihu, har masu kekuna da ke wucewa suka tsaya. Idrisu ya yi tafi sau biyu.

Aka ɗaga Uwaisu sama. Yana saukowa ya kamo hannun Idrisu ya ja shi gaban Heluma.

"Wallahi ba ni ba ne, ranka ya daɗe. Ban taɓa ganin ƙwallo ta yi mini haka ba sai da ta bi ta hannun Yaya Idi."

Heluma ya juya ƙwallon, ya shinshina, ya dubi Idrisu ya daɗe. Shekarar Heluma ashirin a aikin jima, babu man da hancinsa bai sani ba.

"Uwaisu ne mai jifa," in ji Heluma. Sannan ya rage murya yadda shi da Idrisu kaɗai za su ji. "Kai kuma ba ni gwangwanin. Sati mai zuwa ka zo da fensir, kai za ka riƙa rubuta mana maki."