Allurar da Abdulwahab Ya Rantse a Kanta

Abdulwahab direban boksi ne, 'yar a-kori-kurar da ke jigilar mutane da kaya daga ƙauyensu zuwa Sinnar. Da damina ta kama, laka ta hana shi sakat, sai ya sayo manyan tayoyi ya kai wa Hamid mai faci. Hamid ya auna su da ido, ya ce sun fi ƙarfin motar, za su riƙa gogar jikinta a kwana. Abdulwahab ya ce aiki ya kawo, ba neman shawara ba.

Ranar kasuwa surukinsa Malam Sa'id ya shiga gaba, gwaggo Barakatu kuma tana baya da kwandunan tumatir. Da suka hau kwalta tsohon ya riƙe ƙofa, ya ce gudun ya yi yawa. Abdulwahab, wanda ko ido ba ya haɗawa da shi, ranar sai ya nuna allurar mitar gudu da yatsa.

"Wallahi Baba, sittin nake yi. Duba da kanka."



A kwanar da ke bakin tur'a, babban magudanar ruwan gonaki, ya murɗa sitiyari, tayar gaba ta cije da ƙarfen jikin motar. Motar ta yi tangal-tangal, ta zame, ta kwanta a gefe cikin taɓo. Ba wanda ya ji ciwo, amma tumatir ya bi ruwa. Manoma ne suka jawo Malam Sa'id ta taga, farar jallabiyarsa ta koma baƙa, rawaninsa ya warware. Barakatu tana tsintar abin da ya saura, ba ta ko dubi direban ba.

Washegari Hamid ya yi wa Abdulwahab bayani yana kwance tayoyin. Babbar taya, in ta juya sau ɗaya, ta fi ƙarama cin ƙasa, ita kuwa allura juyi take ƙirgawa. Sittin ɗinsa ta kusa saba'in.

Kwana uku Abdulwahab yana zagayawa ta bayan gari don kada ya bi ta ƙofar surukinsa. A na huɗu ya je, ya tuɓe takalmi tun daga nesa, ya durƙusa don ba shi haƙuri.

Tsohon ya daɗe yana jan carbi, sannan ya ce, "Barakatu za ka fara ba haƙuri, ita ta yi asara. Tashi ka je."

Ya tashi ya nufi gidanta, kansa a sunkuye.